Gyaran Tsofaffin Ganguna Ba Tare da Ɓata Muryarsu Ba

Jawabi domin hakimai da malamansu na ƙasar Kura da Bunkure

 

A gidajen sarauta na ƙasar nan, da gidajen makaɗan gado, akwai ganguna waɗanda suka girmi duk mai rai da ke cikin gidan. Wata tana rataye a zaure, wata tana jingine a ƙuryar ɗaki bayan buhunan shinkafa, ba mai tunawa da ita sai Salla ta gabato, ko an ce jibi za a yi naɗi. Ran nan a ke ɗauko ta, a tarar fata ta yage, ko gara ta cinye gindi. Sai a yi gaggawa a kira wanda ya fi kusa, ya buga ƙusa, ya shafa fenti, ya ɗaura irin fatar da ta samu a kasuwa. Ganga ta fito tana ƙyalli, amma da an sa mata gula sai dattawa su dubi juna, don ba muryar da suka sani ba ce. An yi gyara, an kuwa yi asara, irin wadda kuɗi ba su mayarwa.

Wannan jawabi zai bayyana yadda a ke gyaran tsohuwar ganga muryarta ba ta sake ba, darajarta ba ta ragu ba, da kuma rabon da hakimi da malaminsa su ke da shi cikin aikin.

GANGA DA SARAUTA

Wani zai ce, ina ruwan hakimi da ganga, ai wannan sha'anin makaɗa ne. To, ganga daɗaɗɗiyar abokiyar sarauta ce a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya faɗi cewa a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438, wani babban ɗan sarki da a ke kira Dagaci ya zo daga Barno da jama'a mai yawa, da ganguna da tutoci da bindigogi. Da aka yi jihadi ma ba a yar da tambari ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi sarakunan da suka shagala da kaɗe-kaɗen banza dare da rana, amma a littafinsa Kitabul Farƙi ya nuna halaccin buga tambari domin wata bukata ta gari, kamar tara runduna, ko sanar da tashinta ko saukarta. Har yau tambari alamar mulki ne. Ba kowa ke ajiye shi ba sai sarki, ko babban basaraken da gidansa ya gada, kuma ba a buga shi sai da dalili, kamar naɗin sarki ko Salla.

Ban da tambari, ko wace ganga tana da mutanenta. Taushi da kotso da jauje na fada ne, da kotso Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka yi wa sarakuna waƙa. Kalangu na mahauta ne da 'yan mata a dandali, kafin Mamman Shata ya kai shi ko ina. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma kuwa ita ke tsaye a bakin kunya ran gayya, tana kiran ko wane ƙato da takensa. Ko wace ɗaya cikin waɗannan tana riƙe da take da kirari na gidaje da na mutane, waɗanda yawancinsu ba a rubuta su a littafi ba. In ganga ta lalace, makaɗinta kuma ya rasu bai bar magaji ba, to, wannan sashe na tarihin gunduma ya tafi ke nan. Tun da ya ke hakimi shi ne uban ƙasa, abin da ƙasa ta gada amana ce a hannunsa.

RUWAN TIGA DA GANGA

Ƙasar Kura da Bunkure tana da wani hali nata wanda ya sa maganar ta fi gaggawa a nan. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga, aka jawo ruwa ta manyan hanyoyi zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, cikin shirin da aka tsara zai shayar da hekta 22,000 a kashinsa na farko. Albarkar abin a fili ta ke, ga shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Amma ruwa ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. A wurare da dama ya jiƙa ƙasa ya taso kusa, har gindin katanga da daɓen ɗaki su kan yi laima. Laima kuwa ita ke kawo funfuna, ita ke gayyato gara.

Ga kuma sauyin iska. Cikin watan Agusta laimar iska a ƙasar Kano ta kan wuce kashi 70 cikin 100, da hunturu kuwa ta kan faɗi ƙasa da kashi 20. Ice da fata duka suna shan laima su kumbura, in ta fita su tsuke. Da damina fata ta kan saki, murya ta dushe, makaɗi ya ƙara ɗaure ta don ta yi magana. Hunturu ya zo ya tarar da ita a ɗaure, ta nemi tsukewa ba hali, sai ta tsage, ko ta ja kango ya dare. Masu iya magana sun ce in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa, a nan kuwa maganar ta zahiri ce. Masu kula da gidajen kayan tarihi su kan so laima ta tsaya tsakanin kashi 40 da 60. Ba mai iya wannan a zauren ƙauye, amma kowa ya iya nisanta ganga daga ƙasa da rana da wuta.

Har wa yau noman kansa ya sake. Tarakta da injin girbi da 'yan ƙwadago sun rage gayya, biki kuma da yawa sai a ɗauko mai na'ura da lasifika. Gangar da a ke kaɗawa kullum tana da mai duba ta, wadda aka jingine kuwa ba ta da kowa. Zaman ɗaki ya fi duka kashe ganga.

KANGO DA FATA

Wanda zai fahimci gyaran ganga sai ya raba ta biyu. Akwai kango, watau icen da aka fafe. Akwai kuma abin da a ke ɗaura wa kango: fata, da tsarkiya, da zaga, da maratayi. Kango shi ne ganga. Fata riga ce, tana tsufa a sake ta, tun ran da aka sassaƙa kangon haka a ke yi, kango ɗaya ya kan ga bayan fatu masu yawa. Sabo da haka ƙa'idar gyara biyu ce. Kango ba a sake shi, ba a rage shi, ba a ƙara masa. Fata da tsarkiya a sake su in sun mutu, amma da irin na da, bisa ɗaurin da.

Ga misali daga nesa. A babban gidan kayan tarihi na Biritaniya da ke Landan akwai wata ganga da aka samo a Bajiniya ta ƙasar Amurka, ta shiga hannun wani likita mai suna Hans Sloane, ta kuma kasance cikin kayan da aka kafa gidan da su a 1753. An rubuta ta a kan cewa ta mutanen asali na Amurka ce, aka yi shekara fiye da ɗari a kan haka. Fatar da ke kanta kuwa a na zaton ta wata irin barewa ce ta can. Sai da masana suka binciki icen suka tarar na Afirka ne, irin alillibar nan da masassaƙan ƙasar Hausa su ke fafe ganga da ita, sassaƙar kuma ta mutanen Akan ce na ƙasar Gana. A na zaton cikin jirgin bayi ta ƙetare teku.

Abu biyu ke cikin wannan labari. Na ɗaya, ko da an sake fatar a wata ƙasa, kango ya riƙe asalin ganga har ya ba da shaida bayan ƙarni biyu. Da an kankare shi an shafe shi da fenti, ko an yar an sassaƙa sabo, da shaidar ta ɓace. Na biyu, kuskuren alƙalami guda ya ɓatar da mutane tsara bayan tsara. Wannan na malaman hakimai ne su riƙe.

INDA MURYA TA KE

Muryar ganga tana fitowa daga abu huɗu: faɗin baki, da kaurin fata, da ƙarfin ɗauri, da yanayin cikin kango. Baki mai faɗi da fata mai kauri suna ba da murya mai zurfi, shi ya sa a ke ɗaura wa tambari ƙirgin sa, a ke jin sa daga nesa kamar cida. Ƙaramin baki da fata marar kauri suna ba da murya siririya, shi ya sa a ke ɗaura wa kalangu fatar ɗan akuya. Ƙara ɗauri yana ɗaga murya, sassautawa yana saukar da ita. Cikin kango kuwa shi ke tara amo ya mayar, sabo da haka duk wanda ya ƙara fafe shi, ko ya cusa masa wani abu mai nauyi, ya sake muryar har abada.

Kalangu da jauje da kotso suna da wani abu ƙari, watau magana. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Kukan ido da kukar miya baƙaƙensu ɗaya, murya ce ta raba su, haka wuyan jiki da wuyar aiki. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, ta haka ganga ke bin hawa da saukar take har mai shi ya ji an kira shi. In aka cire tsarkiyar fata aka sa igiyar nailan, ta kan zame, ta kan yanki bakin fata, kuma ba ta amsa matsi kamar ta da. Ganga za ta yi ƙara, amma magana ta tafi.

Kada kuma a raina ƙananan abubuwa. Zaga, watau siririyar igiyar da ke kwance bisa fata, ita ke ba da kakkarwar nan da kunne ya saba da ita. Nake, watau baƙin danƙon da a ke liƙawa a tsakiyar fatar kotso da taushi, yana ƙara wa tsakiya nauyi ya daidaita amo. Mai gyaran da bai sani ba ya kan ɗauka dauɗa ce ya kankare.

AIKIN MALAMIN HAKIMI KAFIN A TAƁA

Kada a kwance ko tsarkiya ɗaya sai malami ya zo da littafi. Ya rubuta sunan ganga da irinta, da gidan da ke riƙe da ita, da zamanin sarkin ko hakimin da a ke cewa an yi ta, da lokatan da a ke kaɗa ta. Ya auna tsawo, da faɗin baki sama da ƙasa, da faɗin ƙugu in mai ƙugu ce, da kaurin ice a baki. Ya tambayi masassaƙi irin icen, ko alilliba, ko ƙirya, ko maɗaci. Ya tambayi makaɗi irin fatar. Ya ƙidaya tsarkiya, ya zana yadda aka ratsa ta da yadda aka ƙulla. Ya ɗauki hoto ta ko wane gefe, da na duk wata tsaga ko huda.

In ganga tana iya magana ko kaɗan, a sa makaɗinta ya kaɗa, a ɗauki muryar da wayar hannu, ya kuma faɗi ko wane take da baki, malami ya rubuta shi tare da sunan mai shi. Wannan muryar ita ce ma'aunin da za a gwada gyara da shi.

Lalle malami ya bambanta abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Awo gani ne. Shekarun ganga ji ne, sai ya rubuta cewa wane ne ya faɗa, a gaban wane da wane. In dattawa biyu sun saɓa, ya rubuta maganar ko wannensu, kada ya zaɓi wadda ta fi daɗi. In an gama gyara ya ƙara ranar, da sunan mai gyara, da abin da aka cire da abin da aka sa. A yi kofe biyu, ɗaya a ofishin hakimi, ɗaya a aika majalisar sarki.

GYARAN KANGO

Mai gyara shi ne wanda ya gaji aikin, makaɗi ko masassaƙi, ba kafintan ƙofa ba. In babu shi a gunduma, a nemo daga maƙwabta ko daga birni, jira ya fi ɓarna.

Da fari a share ƙura da tsumma busasshe ko tattausan buroshi. Kada a wanke da ruwa da sabulu, kada a goge da takardar yashi. Baƙin da hannu da hayaƙi da mai suka bari a jikin ice shi ne shaidar shekarunsa. Abin da aka tarar a ciki, ko laya, ko tsakuwa, ko 'ya'yan itace, a rubuta shi a mayar inda ya ke, kada a farke laya don son gani.

In tsaga ƙarama ce kuma ba ta kai baki ba, a cike ta da kakin zuma, iska ba za ta fita ba. In babba ce, a feƙe siririn ice irin na kangon a cusa daidai, a liƙe da danƙon da a ke dafawa daga fata, sa'an nan a naɗe wurin da jiƙaƙƙen zaren ƙirgi, wanda in ya bushe zai tsuke ya riƙe. Dalilin zaɓen waɗannan shi ne, duk a kan iya warware su in an sami wanda ya fi gwaninta daga baya. Abu huɗu ne ba a kusantar kango da su. Ƙusa tana tsatsa ta ƙara tsaga. Siminti yana da nauyi, yana kashe amo. Gam mai ƙarfi na kanti ba ya motsi, ice kuwa yana motsi rani da damina, sai sabuwar tsaga ta fito a gefensa. Fenti yana rufe zane da shaidar sassaƙa, cire shi kuma sai da kankara. Garin neman gira a kan rasa ido.

Bakin kango, inda fata ke zama, shi ne wurin da ya fi bukatar hankali. In ya ɓalle a yi masa ciko, kada a yanke bakin duka don a daidaita, gama rage tsawo sake murya ne. In tambarin na ƙarfe ne ko na tagulla, a share shi a bushe, kada a dirje shi da toka da tsamiya don ya yi ƙyalli.

FATA DA TSARKIYA

Fatar ganga ɗanya ce busasshiya, ba jemammiya ba. Wadda majema suka jeme da bagaruwa ta yi laushi, ta dace da jaka da takalmi, amma ba ta amo. A nemi irin dabbar da aka yi ta da da ita, a gwada kauri da tsohuwar. A ɗaga ta a rana a duba, in akwai yankan wuƙa na fiɗa, ko tabon kaska, ko na lalas, a bar ta, don nan za ta fara tsagewa. Fatar da 'yan kasuwa suka zuba wa gishiri ba ta da kyau ga ganga, gama gishiri yana jawo laima. Bayan Babbar Salla fatu su kan yi yawa, lokacin ne ya kamata a zaɓa a shanya a inuwa a ajiye.

A jiƙa fata har ta yi laushi, a cire gashi yadda masu aikin suka saba, a ɗora ta layin gadon baya yana tsakiyar baki, don kauri ya yi daidai dama da hagu. A ɗaure sannu a hankali, wannan gefe sa'an nan kishiyarsa, a bar ta ta bushe a inuwa. Ƙirgin tambari ya kan ɗauki kwanaki da yawa, kada a sa masa gula sai ya bushe sarai. Mai kuwa a shafa kaɗan, in ya yi yawa yana dushe murya ya kira ƙwari da ɓera. Sa'an nan a kaɗa a gaban dattawan da suka san muryar, a gwada da wadda aka ɗauka. Tsohuwar fata da tsarkiya kada a yar, a naɗe su a rubuta musu takarda, su ne abin koyi ga mai gyara na gaba.

Akwai gargaɗi mai nauyi. Kada a yi ganga da fatar mushe, ko ta dabbar da ba a san abin da ya kashe ta ba. Ƙwayar cutar saifa, wadda likitoci ke kira antiraks, tana zama a busasshiyar fata shekara da shekaru, mai kankare gashi ya shaƙe ta cikin ƙura. Ta kashe wani mai sha'anin ganguna a Sikotilan a 2006, da wani mai yin su a Landan a 2008. A watan Yuli na 2023 kuma an tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja. A karɓi fata daga mahaucin da aka sani, a yi aikin a fili, a rufe hanci da baki, a wanke hannu.

ƘWARI DA WURIN AJIYA

In an ga garin ice yana zuba daga ƙananan huji, ƙwaro yana ciki. Manomin wannan ƙasa hannunsa ya kan tafi ga fiya-fiya, ko maganin feshin gona, ko ƙwayar hayaƙin da a ke sa wa hatsi. Kada a yi. Ganga a hammata a ke riƙe ta, jiki yana zufa, yara kuma suna taɓa ta, ƙwayar hayaƙi kuwa tana kisa in an sa ta a ɗakin kwana. A ware gangar daga sauran, a naɗe ta, a nemi shawarar ma'aikatan gidan kayan tarihi. Akwai dabarar da masu wannan aiki su ke yi, su rufe abu cikin leda su cire masa iskar numfashi har ƙwari su mutu, kamar dai buhun nan mai leda biyu a ciki da a ke adana wake da shi ba magani.

Rigakafi ya fi magani. A rataye ganga, ko a ɗora ta bisa katako wanda ya ɗaga daga ƙasa, nesa da bango. A zaɓi ɗaki mai shan iska wanda ba ya yoyo, ba na ajiyar hatsi ko taki ba. A rufe ta da ƙyallen auduga, ba leda ba, don leda tana tara gumi. In za ta daɗe ba a kaɗa ba, a sassauta tsarkiya kafin hunturu. A duba ta sau ɗaya ko wane wata, da damina sau biyu. In za a kaɗa da sanyi, a ɗan shanya ta a hantsi, kada a gasa ta a bakin wuta.

WADDA ZA TA HUTA

Wata ganga ta wuce gyara, ice ya yi fuka-fuka, ba zai ɗauki ƙarfin sabuwar fata ba. Irin wannan tilasta mata aiki kashe ta ne. A bar ta yadda ta ke, da tsohuwar fatarta, a ajiye ta da mutunci. A ba masassaƙi awon da malami ya rubuta, ya fafe sabuwa da irin icen, a ɗaura mata irin fatar, ita ce za ta riƙa fita. Hakimi ne ya kamata ya yanke wannan, bayan ya ji ta bakin makaɗa da dattawan gidan, don masu ganga ba su son su ji an ce tasu ta gaji. A nuna musu cewa hutu girma ne, kuma tsohuwar tana nan a hannunsu.

DOKA DA DILLALAI

Akwai masu bin ƙauyuka suna neman tsofaffin kaya, su ba da kuɗi kaɗan ko sabuwar ganga a madadin tsohuwa. Ya kamata hakimi ya san doka. Tun 1953 aka yi dokar kare kayan tarihi a Nijeriya, a 1979 kuma aka yi doka mai lamba 77 wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa. A ƙarƙashinta, aikin hannu na 'yan ƙasa da aka yi kafin 1918, ko mai muhimmancin tarihi da aka yi amfani da shi a bikin gargajiya, yana cikin kayan tarihi. Ba a sayar da shi sai ga wanda hukumar ta amince wa, ba a kuma fitar da shi ƙasar waje sai da takardar izini. Tsohon tambari da gangunan fada suna iya shiga ciki. Mai neman shawara ya je Gidan Makama a birnin Kano, ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa.

Darajar tsohuwar ganga tana ga tsufanta, da muryarta, da sanin gidan da ta fito. Wadda aka shafe da fenti ta rasa na farko, wadda aka ɗaura wa baƙuwar fata ta rasa na biyu, wadda dillali ya ɗauke ba rubutu ta rasa na uku. Da tsohuwar zuma a ke magani.

ABIN DA A KE ROƘO

1. Ko wane hakimi ya umurci dagatai da masu unguwanni su kawo sunayen gidajen da ke da tsofaffin ganguna, tare da bayyana wa mutane cewa ba karɓewa za a yi ba.

2. Malamin hakimi ya buɗe littafi na musamman, ya fara da gidan da makaɗinsa ya fi tsufa.

3. A ɗaga duk gangar da ke ƙasa kafin ruwan fari ya sauka.

4. A yi gyara da kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin hunturu ya yi tsanani. In Salla ko naɗi na tafe, a fara da wata biyu, ba a fafe gora ran tafiya.

5. Kada a sa ƙusa, ko siminti, ko gam, ko fenti, ko maganin gona.

6. Duk baƙon da ya zo sayen ganga a kai shi gaban hakimi.

7. Hakimi ya nemi tsofaffin masu ɗaurin ganga na ƙasarsa, ya girmama su, ya sa su koya wa yaro ko da guda ɗaya, gama littafi ya iya riƙe awo, amma hannu sai daga hannu.

Allah ya taimaki sarakuna, ya ba hakimai ikon riƙe amana, ya ba ƙasa damina mai albarka da zaman lafiya. Amin.